ZAFIN BAZARA: YADDA MAGABATA SUKA ZAUNA DA SHI DA ABIN DA YA RAGE GARE MU

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan zafi. Da aka kawo mana takardar, mun yi murmushi, domin kuwa a ganinmu babu wanda zai koya wa Bahaushe zafin rana. Amma da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga lalle akwai abin faɗa, domin zafin da muke sha yau ya fi wanda muka taso da shi, alhali dabarun da iyayenmu suka bi suka zauna da shi lafiya mun yi watsi da yawancinsu.

ZAFI IRI BIYU

Manomi ya san zafi ba iri ɗaya ba ne. Da hunturu ya janye a wajen ƙarshen Fabrairu, sai busasshen zafi ya sauka, iska ta riƙa kaɗowa kamar daga bakin murhu. A watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Nguru. Daga nan kuma, gab da faɗuwar damina, iska mai laima takan taso daga teku ta kudu maso yamma, sai a shiga lokacin gumi, wanda mutum zai yi wanka ya fito, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa.

Allah ya tsara jikin ɗan Adam ya tsaya a kan digiri 37 ko kusa da haka. Idan zafi ya yi yawa, sai jiki ya fitar da zufa, iska ta busar da ita, bushewar nan kuwa ita ce ke janye zafi daga fata. A busasshen zafi zufa na bushewa nan da nan, har mutum ba ya lura da yawan ruwan da ke fita daga jikinsa. A lokacin gumi kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, zufa ba ta bushewa, sai ta yi ta tsiyaya ba tare da ta sanyaya jiki ba. Shi ya sa daren da hadari ya haɗu bai zubar ba ya fi kowane dare wuyar barci.

Masana yanayi sun tabbatar da cewa shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A farkon Afrilun shekarar, ana cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka kuma yi asarar rayuka, musamman tsofaffi. Mu da muka yi azumin 1991, wanda shi ma ya faɗo a Maris da Afrilu, muna iya shaida cewa wancan da wannan akwai bambanci. Wani ɓangare na bambancin daga sauyin yanayin duniya yake, wani ɓangaren kuwa aikin hannunmu ne a nan cikin gari.

HIKIMAR MAGABATA

Mu dubi ɗakin da aka haife mu a ciki. Katanga ce ta tubali mai kauri, rufin soro na azara da ƙasa, taga ƙarama. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma ba ta saurin sakinsa. Rana za ta wuni tana dukan bango, amma kafin zafin ya ratsa zuwa ciki, yamma ta yi. Idan dare ya yi bango ya fara sakin abin da ya ɗauka, a lokacin mutanen gida sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ko Gidan Makama na Kano, da tsakar rana, ya san irin sanyin da muke nufi.

Haka randa. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, abin da ke ciki na yin sanyi. Wato randa zufa take yi kamar mutum. Wannan hikima ce wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauka ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da gauta da alayyafo suna kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Abin da mutanen waje suka yaba, a gindin bishiyar gidajen kakanninmu yake.

Hatta tsarin yini an gina shi ne bisa sanin rana. Manomi na sammako, hantsi na ɗagawa ya nemi inuwa, ya koma aiki bayan la'asar. Addininmu ma ya zo da sauƙi: sunna ta tabbata a kan jinkirta sallar azahar har rana ta ɗan yi sanyi idan zafi ya tsananta, ga kuma ƙailula. Tufafinmu farare ne masu yalwa, na auduga, da malafa a ka. Abin shanmu fura da nono, kunun tsamiya, farau-farau da zoɓo.

INDA MUKA KAUCE

Yau fa? Mun rushe soro mun yi bulo mai rami da rufin kwano, sau da yawa ba silin. Kwano na ɗaukar zafin rana ya sauke shi kai tsaye a kan wanda ke ƙasa. Mun cinye tsakar gida da ɗakunan haya, mun malale sauran da siminti, wanda ke riƙe zafi har tsakar dare. Mun gina gidaje da tunanin fanka da na'urar sanyaya ɗaki, alhali kowa ya san halin da wutar lantarki take ciki. Ba muna cewa a koma gidan jiya ba ne, domin ginin ƙasa na da wahalarsa, yaɓe duk shekara da fargabar damina. Abin da muke cewa shi ne, mun karɓi sabon gini mun bar hankalin da ke cikin tsohon.

Babbar asarar ita ce ta itatuwa. Lokacin da muke kwalejin horon malamai a ƙarshen shekarun 1970, ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba, kowane ɗalibi sai da aka ba shi dashen darbejiya guda, shi zai ba ta ruwa har ya gama karatu, idan ta mutu kuwa ya amsa tambaya. Da muka fara koyarwa, haka muka yi da yaranmu. Wasunku da ke zaune a manyan kujerun nan, da gwangwani kuka riƙa ɗebo ruwa kuna zuba wa itatuwan da ke harabar firamare. Ku je ku ƙidaya nawa suka rage. Layin da ya tashi daga tasha zuwa kasuwa, wanda a da mutum ke bi cikin inuwa tun daga farko har ƙarshe, an sare shi saboda shaguna da gawayi.

Mun shafe shekaru muna kallon abin da zafi ke yi wa karatu. Aji mai kwano ba silin, yara sun cika shi maƙil, daga ƙarfe goma sha biyu babu sauran darasi: malami na magana, yara na gyangyaɗi. Mun taɓa ɗaukar yarinya 'yar aji huɗu da ta sume a kan benci, muka kai ta inuwa muna yayyafa mata ruwa, Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar ba mu ƙara ɗaukar zafi abin wasa ba.

ZAFI DA LAFIYA

Ya kamata kowane magidanci ya san alamomin haɗari. Idan mutum ya fara jin jiri, ciwon kai, kasala, tashin zuciya, ko ɗaurewar jijiyoyi, zafi ya fara galabaitar da shi: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya yi zufa da yawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma idan jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya fita hayyacinsa, to abin ya kai inda ake rasa rai. A jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti, kada kuma a ɗura wa wanda ya sume ruwa a baki.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, masu hawan jini da ciwon suga, da masu aikin ƙarfi a rana: lebura, ɗan garuwa, ɗan acaba, mai tallan kan titi. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka a riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. Mai son sanin ko ruwan jikinsa ya isa, ya dubi fitsarinsa: idan ya yi ja kuma ya ragu, jiki na neman ruwa. Masu kwana a waje su ɗaura gidan sauro. Masu janareta kuma su ji tsoron Allah su ajiye shi a fili nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Sai sanƙarau, wanda lokacinsa ke zuwa da ƙura da zafi, yana kuma yaɗuwa inda aka cunkushe a ɗaki marar iska. Manya a cikinmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ta sake ɓarkewa a 2017, ta fi tsanani a Zamfara da maƙwabtanta. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. Rigakafi ya fi magani. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira a ga gobe ba ne.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Ba mu zo don kuka kawai ba. Muna gabatar wa wannan zaure shawarwari guda biyar.

Na farko, kowane reshe ya ɗauki layi guda a cikin gari ya dasa itatuwa, ya kuma ɗauki nauyin shinge da ban-ruwa na shekara 2. Mun sha ganin bikin dashe, a ɗauki hoto, bayan mako guda awaki su cinye. Kuɗin shinge da ladan mai ban-ruwa su ne ainihin aikin. A haɗa darbejiya da namu na gida: ceɗiya, durumi da tsamiya.

Na biyu, manomanmu su yi koyi da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suka riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi suna gyara shi, har suka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Gawo ya isa misali: yana zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci.

Na uku, kafin ƙungiya ta ƙara gina sabon aji, a sa silin a waɗanda ake da su, a buɗe tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, a shafa wa kwano farin fenti, domin fari na mayar da hasken rana baya.

Na huɗu, a kafa rumfa da randuna a tasha da kasuwa da maƙabarta daga Maris zuwa Yuni, a sa wanda zai riƙa wanke su yana cika su. Wannan sadaka ce mai gudana da kakanninmu suka saba yi a ƙofar gida.

Na biyar, muna roƙon Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, da a sa doka ta hannun dagatai da masu unguwanni, kada a sare itace a cikin gari sai da izini, wanda ya sare kuma ya dasa madadinsa ya raine shi.

'Yan'uwa, Hausawa na yi wa wani kirari da inuwar giginya, na nesa ka sha. Allah ya yi wa da yawa daga cikin 'ya'yan garin nan buɗi a birane, ofisoshinsu da motocinsu da sanyi. Iyayen da suka haife su kuwa suna nan ƙarƙashin kwano suna fifita da mafici. Itacen da muka sha inuwarsa muna yara, wanda ya dasa shi bai san mu ba. Mu ma akwai waɗanda ba mu sani ba suna tafe, kuma za su tambayi abin da muka bar musu. Muna fata idan Allah ya kai mu taron baɗi, sakatare zai karanta mana adadin itatuwan da suka rayu da azuzuwan da aka sa wa silin.

Abin da muka faɗa daidai, daga Allah ne. Inda muka yi kuskure, a yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.