Zaɓen Dirka da Kafa ta don Shingen Lambu

Yau maganarmu a kan dirkokin shingen lambu ne. Kun sani da an gama girbi ake sakin dabbobi, kuma daidai lokacin ne tumatir da albasa suke yin kore a fadama. Dirka ɗaya in ta faɗi da dare, kafin gari ya waye awaki sun cinye wahalar wata 2. Ƙarfin shinge kuwa yana ga dirka, kara da zana sutura ne kawai.

To, wane itace za a nema? Babban abokin gāba dai gara ce, sai ruɓa. Ƙirya ita ce gaba, don gara ba ta cika iya mata ba, amma ta yi ƙaranci ƙwarai, kada a sare ɗanya saboda shinge. Marke da bagaruwa suna da ƙarfi. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina, ga shi in an sassabe reshenta sai ta sake tohowa. Kuka da rimi kuwa ɓata lokaci ne, itacensu ba shi da ƙwari. Kafin ku ɗora gatari a kan itacen da ba naku ba, ku nemi izinin malamin daji.

Ku duba bakin sara. Jan da ke tsakiya shi ne mai daɗewa, farin da ke kusa da ɓawo shi gara take fara ci. Saboda haka reshe matashi, wanda duk fari ne, kyan ido kawai gare shi. A nemi mai tsawon ƙafa 7, kauri inci 3 zuwa 4. Na kusurwa da na bakin ƙofa su fi haka kauri, domin su ne ke ɗauke da nauyin shingen.

In an saro, a ɓare ɓawon tun yana ɗanye, don ƙwari a ƙarƙashinsa suke ɓuya. A jera su a inuwa bisa duwatsu, kada su taɓa ƙasa, su sha iska. Sa'an nan a babbake gindin sama-sama, har ya wuce inda ƙasa za ta tsaya da kamar taki ɗaya, gama daidai nan dirka take fara ruɓewa. Babbaka tana taimakawa, amma ba ta mai da itacen banza na kirki. Da yawa suna shafa baƙin man mota. Ni ban ba da wannan shawara a lambu ba, saboda yana gurɓata ƙasa da ruwan rijiya.

Wajen kafawa, a fara da na kusurwa, a ja igiya tsakaninsu don layi ya miƙe. A haƙa rami da dagi, zurfin ƙafa 2, in jigawa ce a ƙara. Tsakanin dirka da dirka kada ya wuce taku 3. Gindi mai kauri shi ke shiga rami. Kada a tura ƙasa gaba ɗaya. A zuba kaɗan, a daddaɓe da sanda, a ƙara, har rami ya cika ya yi tudu, yadda ruwa ba zai kwanta a gindin ba. Na kusurwa a yi musu tokara ta ciki. Bayan haka sai a ɗaura tanka, ta ƙasa ta matso kusa da ƙasa sosai, don ɗan akuya ta nan yake kurɗawa.

Mai lambun da ya gaji da sake dirka, ya dasa sandunan dashi ko aguwa a tsakaninsu. A yanko su da bazara, a bar su kwana kaɗan bakin ya bushe, a kafa kafin ruwan farko. In sun kama, gara ba ta cika damunsu ba, sai dai a riƙa rage musu rassa don kada su yi wa shuka inuwa.