Kafin a Ɗaure Kaya: Jawabi ga Masu Ƙetare Iyaka

 

Da yawa daga cikinku ba kwa yin wata guda ba ku ƙetare iyaka ba. Wani daga Jibiya zuwa Maraɗi, wani daga Illela zuwa Ƙonni, wani ta Kamba ya shiga Gaya ya zarce Kwatano ko Lome, wata kuma biki ne ko gaisuwar rasuwa ke kai ta wurin dangi. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, har mutum yakan manta cewa ya zama baƙo a ƙasar wasu. To amma da zarar annoba ta ɓulla, iyakar nan da muka raina sai ta tashi tsaye, kowace ƙasa ta fito da dokokinta.

Ba labari za a ba ku ba, kun gani da idonku. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a Nijar kuma ranar 19 ga Maris. Cikin watan Maris ɗin aka tsayar da zirga-zirga, aka rufe filayen jiragen sama. A shekarar nan babu wanda ya tafi aikin Hajji daga waje, sai mazauna Saudiyya kaɗan. Da aka fara buɗewa, ƙasashe da dama ba sa karɓar baƙo sai da takardar gwaji wadda ba ta wuce kwana uku ba, wasu kuma sai an killace shi mako biyu. Wanda ya ɗauko albasa ko tattasai bai san da dokar ba, ya san abin da mako biyu ke yi wa kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma wannan ba ya nufin ba za a sake ganin irin haka ba. Shi ya sa nake roƙonku, ku mai da tambaya al'ada: kafin ku biya kuɗin mota, ku tambayi ma'aikatan lafiya na iyaka ko asibitin gwamnati abin da ƙasar da za ku ke bukata a wannan makon. Dokar annoba tana iya sauyawa dare ɗaya, kuma labarin direba na watan jiya ba hujja ba ne.

Akwai doka ɗaya da ta girmi korona, har yau tana nan, a kanta nake so mu daɗe. Ita ce ta katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, wato shaidar allurar zazzaɓin shawara. Sauro ne ke yaɗa cutar, irin wanda ya fi cizo da rana. Bayan kwana uku zuwa shida sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya su taso. Yawancin mutane sukan warware, amma wasu sai ciwon ya dawo da ƙarfi, ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita, kuma kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa rayuwa. Ba ta da wani magani na musamman, amma tana da allura, guda ɗaya tak. Tun daga ranar 11 ga Yuli 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta ce katin yana aiki har ƙarshen rayuwar mai shi, ba sai an sabunta bayan shekara goma kamar da ba. Sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, domin jiki na bukatar wannan lokaci kafin ya samu kariya. Wanda zai tashi Asabar ya je neman allura ran Juma'a ya makara.

Mun san akwai masu sayar da katin a bakin tasha, da hatimi da sa hannu, ba tare da allura ta taɓa kafaɗar kowa ba. Na san dalilin da ke sa a saya: layi, ɓata lokaci, tsoron allura, har manya ba su tsira daga wannan tsoro ba. Amma ku duba cinikin da kyau, ku da kuka san ciniki. Katin bogi zai iya wuce da kai gaban jami'i, sauro kuwa ba ya karanta takarda. Idan ya cije ka a can ka dawo da cutar a jininka, sauron gidanka ne zai ɗauka daga gare ka ya kai wa matarka da 'ya'yanka. Ka biya kuɗi ke nan ka sayo wa iyalinka haɗari. Yara ana yi musu wannan allura suna da wata tara a Najeriya da Nijar, saboda haka uwa ta adana katin ɗanta kamar yadda take adana zinarinta. Mai juna biyu, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunan ciwo, da mai raunin garkuwar jiki, su gaya wa ma'aikacin lafiya kafin allura. Idan ba ta dace da su ba, akwai takardar uzuri ta likita. Masu niyyar Hajji ko Umara kuma su sani Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau, ita ma kwana goma kafin isa.

Sai kuma abin da ake yi a bakin iyakar. Idan aka auna zafin jikinka, aka tambaye ka daga ina kake, ina za ka sauka, mene ne lambar wayarka, faɗi gaskiya. Ba haraji ake lissafawa ba. Idan wani a cikin motarku ya kwanta bayan kwana biyu, da wannan lamba za a neme ka a duba ka tun da wuri. Kada kuma ka haɗiyi farasitamol don ɓoye zazzaɓi, ko ka bi ta hanyar daji don gudun bincike. A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Ya matsa a sallame shi daga asibiti, Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi. Ita kanta cutar ta kashe ta, amma tsayuwar da ta yi, da bin sawun duk wanda ya yi mu'amala da masu ciwon, su suka sa abin ya tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. Mutum ɗaya ne ya shigo da ita.

Wani zai ce ai ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne. Amma Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu. Idan kun ji cuta ta ɓarke a garin da za ku, ku jinkirta, ku yi cinikin ta waya idan zai yiwu.

Idan kun shiga, ku bi dokar masu gari ko da ta bambanta da ta gida. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura. In takunkumi suke sawa a kasuwa, ku sa. In akwai ruwa da sabulu a ƙofa, ku wanke hannu. Da damina ku yi hattara da ruwan sha saboda amai da gudawa, ku tafi da gidan sauro da ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan ceto. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai ishe shi fiye da kwanakin tafiyar, domin wanda aka killace ba ya fita sayen magani.

Bayan an dawo gida, a lura da jiki har mako uku, don Ebola takan kai kwana 21 kafin ta nuna. Idan zazzaɓi ya zo, ko gudawa, ko tari mai tsanani, kada a tsaya a kemis. A je asibiti, kuma abu na farko da za a gaya wa likita shi ne sunan garin da aka fito da ranar da aka baro shi. Ku matan gida, in maigida ya yi nauyin baki, ku faɗa a madadinsa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a kasuwa.