Jawabi Ga Dattawa Kan Tattakin Matasa Daga Gwandu Zuwa Kalgo



Matasanmu suna shirin zuwa Kalgo a ƙasa, ta Aliero da Jega, domin zumunci da 'yan'uwa na can. Kwana 3 muka tsara. Waɗansu dattawa sun ce baikonmu ba zai ɗauki nauyin ba. Gaskiya ne ikilisiyoyinmu ƙanana ne, amma a Luka sura 10 Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu ba tare da jakar kuɗi ba.

A tashi a watan Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, gama zafin Afrilu a ƙasar Kabi yakan wuce digiri 40. Guzuri kuwa garin kwaki, ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun isa. Kada kowa ya sayi sabon takalmi, tsohon da ƙafa ta saba da shi ya fi. Kowane yaro ya riƙe jarkar ruwa. Wanda ya galabaita, a dama masa ƙaramin cokali 6 na suga da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Abin da ya fi damunmu shi ne masauki. Mu kaɗan ne cikin maƙwabtanmu Musulmi, kuma taron baƙin samari yakan tada hankalin gari. Saboda haka muna roƙon dattawa biyu su riga su zuwa, su gaida hakimi ko mai gari na kowane zango, su sanar da 'yan sanda. Ba tafiyar dare. In an zo wucewa ta gaban masallaci, a ajiye ganga da waƙa.

Zumuntar mata ta ɗauki nauyin ƙuli-ƙuli. Saura jarkoki da tabarmi, a kawo wa sakatare bayan sujada ran Lahadi.