Mashigar Tukunyar Guguwa: Yadda Ake Raba Iskar Gas da Ruwa

Duk wanda ya san filayen Babura da Gwiwa lokacin bazara ya san guguwa. Idan ta taso, yashi da tsakuwa sukan watsu gefe, ƙaiƙayi da busasshen ganye kuwa su bi tsakiyarta su yi sama. Wannan ɗabi'a ce masana aikin injiniya suka kama suka rufe cikin tukunyar ƙarfe, domin raba abu mai nauyi da maras nauyi. Tun 1885 wani Ba'amurke, John Finch, ya yi rajistar irin wannan tukunya ta kama ƙura. Mazurarin kwano da akan gani bisa injin niƙa, wanda yake tara gari ya saki iska, jikanta ne.

Iskar gas da ake haƙowa ba ta fitowa ita kaɗai. Takan zo da ruwa da ɗigon mai. Idan aka bar su suka bi bututu, sai tsatsa ta ci ƙarfe, ma'auni ya yi ƙarya, injin matse gas kuma ya lalace. Al'amarin ya shafi ƙasar Kano da maƙwabtanta, domin a 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, ta Kaduna, zuwa Kano.

Tukunyar ba ta da wani abu mai motsi a cikinta. Gas da ruwa su shiga tare, su kewaya, ruwa ya manne da bango ya gangara ƙasa, gas ya taru a tsakiya ya fita ta sama. Juyawar duka daga mashiga take samuwa, kuma abu huɗu ne suke hukunta aikinta.

Na farko shi ne inda ta fuskanta. Idan bututu ya nufi tsakiyar tukunya kai tsaye, ruwa zai doki bango ya fantsama, babu juyawa. Saboda haka ake shigar da shi ta gefe, ya bi jikin bango, kamar yadda mai rairayar gero take kaɗa ruwa ya bi bakin ƙwarya.

Na biyu shi ne girmanta. Matsattsiyar mashiga takan ƙara gudu, gudu kuwa shi ne ƙarfin wurgi, irin na majajjawa. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin yakan ninka huɗu. A tukunya mai faɗin rabin mita, gudun mita 15 a daƙiƙa yana ba da ƙarfin da ya yi kusan ninki 90 na jan da ƙasa take yi. Amma ƙarfin turi da ake hasara shi ma ninki huɗu yake yi, watau ƙarin mai da lantarki. Sa'an nan idan gudun ya wuce kima, sai ya farfasa ɗigon ruwa ya mai da shi feshi, gas ya kwashe shi ya yi sama. A ƙasa kuma juyawar takan ja kumfar gas ta bi ruwa ta fice. Mashigar da ta cika girma kuwa ba ta ta da guguwar kirki.

Na uku shi ne siffarta. A 1951 Stairmand na Ingila ya fitar da awon tukunyar ƙura wanda har yanzu ake koyarwa: tsayin mashiga rabin faɗin tukunya, faɗinta kashi ɗaya cikin biyar. Hikimar ita ce doguwar mashiga siririya takan ajiye kaya dab da bango tun da fari. Idan faɗinta ya zarce ratar da ke tsakanin bango da bututun fita, iska sai ta yanke hanya ta fice ba ta kewaya ba.

Na huɗu shi ne gangarenta. Bayan 1990, masana a Jami'ar Tulsa ta Amurka, tare da kamfanin Chevron, sun gano cewa karkata bututun shiga ƙasa da kimanin digiri 27 yana rage ruwan da ke tserewa ta sama. Dalili shi ne ruwa yakan kwanta a ƙasan bututu, gas ya bi samansa tun kafin su iso, kuma idan ruwan ya kewayo sai ya wuce ƙarƙashin mashiga, bai tare wa gas hanya ba. Lalle Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ilmin nan bai tsaya ga rijiyoyin mai ba. Da shi ake cire yashi daga ruwan burtsatse kafin ya toshe bututun ban-ruwa, da shi ake kama ƙurar injin casar shinkafa kafin ta shiga huhun ma'aikata. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure yana iya gwada shi da kwano da famfo, ya kai sakamakon ga mai walda a Roni. Ma'aikacin gwamnati kuma da aka ɗora wa karɓar inji, ya kamata kafin ya sa hannu ya nemi awon mashiga da gudun da aka ƙera ta dominsa, ya tabbatar sun dace da yawan abin da za a tura mata.