Gonakin Crichel Down da Ministan da Ya Sauka



Maganarmu ta yau a kan wata ƙasar noma ce a gundumar Dorset ta Ingila, wadda ake kira Crichel Down. Mun zaɓe ta ne domin tsarin aikin gwamnatin da yawancinmu za mu shiga daga can aka gado shi.

A shekarar 1938, ana jin ƙishin-ƙishin ɗin yaƙi da Jamus, Ma'aikatar Jiragen Sama ta karɓe eka 725 a wurin don mayaƙan sama su riƙa koyon jefa bom. An biya masu ita fam dubu goma sha biyu da 'yan kai. Ba mu ga laifin wannan ba, ƙasa tana cikin haɗari, kuma matuƙin jirgi ba ya koyon saiti a littafi.

Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka gama da filin, sai aka miƙa shi ga Ma'aikatar Gona. A nan ne aka yi ɓarnar. Ma'aikata suka shirya a tsakaninsu cewa za a mai da shi gona guda, a yi mata gine-gine, a ba mutum ɗaya haya. Manoman da ke maƙwabtaka, waɗanda aka yi wa alkawarin za a ba su damar nema, aka tsallake su. Kwamanda George Marten, wanda matarsa 'yar Lord Alington ce, ɗaya daga cikin masu ƙasar na asali, ya nemi a sayar musu da ita, aka yi ta yi masa hanya-hanya. Bai haƙura ba, ya haɗa kan manoma suka kai kuka, har aka naɗa lauya Sir Andrew Clark ya yi bincike a bainar jama'a a 1954.

To, ku lura da abin da ya gano. Babu wanda ya ci hanci, ko sisin kwabo. Abin da aka samu shi ne, an aika ƙaramin ma'aikaci ya rubuto rahoto, aka hana shi tuntuɓar masu ƙasar, rahoton ya fito cike da kurakurai, manya suka ɗora shawara a kansa har ta kai gaban minista. An kuma ga wasiƙa a fayil inda ake neman dabarar da za a nuna kamar an cika alkawarin da aka yi wa manoma. Marten kuwa an ɗauke shi ɗan fitina don kawai ya dage.

Ran 20 ga Yuli 1954 Ministan Gona, Sir Thomas Dugdale, ya miƙe a Majalisa ya ɗauki nauyin aikin ma'aikatansa, ya ajiye muƙaminsa. Daga baya wasu masana sun ce Clark ya tsananta wa ma'aikatan, domin minista ya san abin da ake ciki. Muna ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma kada mu manta, Marten mai hali ne, yana da kuɗin lauya. Da talaka ne, da wuya a buɗe fayil ɗin.

Iyalin Marten sun sayi ƙasar daga ƙarshe. Gwamnati kuma ta kafa ƙa'idar da har yanzu ake kira da sunan wurin: ƙasar da aka karɓa da ƙarfin doka, in buƙata ta ƙare, sai an fara yi wa mai ita na asali ko magadansa tayi, a farashin kasuwa na lokacin, kafin a sayar wa wani.