Sabunta Manhajar Tushe ta Ƙaramar Kwamfuta: Lacca ga Malamai da Ɗaliban Ƙasar Gobir



Ku sani cewa a cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai wani ɗan guntu baƙi, galibi mai ƙafa takwas, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma a cikinsa ne aka ajiye manhajar tushe, wadda masu gyara ke kira BIOS, sabuwar zuriyarta kuwa UEFI. Ita ce ke farkawa da zarar an danna maɓallin kunnawa, ta binciki madannai da allo da ma'ajiya, kafin ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. Tana cikin kwamfutar IBM ta 1981, har yau kuwa ba a rabu da aikinta ba. Kamfanin da ya ƙera na'ura yakan fitar da sabon bugu idan ya gano aibi, kamar batir ya ƙi caji, ko fanka ta ƙi juyawa har na'ura ta ɗau zafi, ko wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi.

Dalilin da ya sa na zaɓi a sabunta manhajar nan ta hanyar filas ba ɓoyayye ba ne gare ku, domin kun shaida yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021, har da namu biyu, Sabon Birni da Isa. Wanda ya sauko da fayil ɗin sabon bugu a birnin Sakkwato ya zuba a filas, to, ya iya aikinsa a Alkalawa, tsohon birnin Gobir, ba tare da ya nemi sabis ba, ko da Windows ɗin ta ƙi tashi.

Sharaɗi na farko shi ne tahƙiƙi. A juya na'ura a karanta lambar samfurinta harafi da harafi, a shiga shafin BIOS da F2 ko makamancinsa a ga bugun da take ɗauke da shi, sa'an nan a ɗauko fayil daga shafin kamfanin da kansa, Dell ne ko HP ko Asus, kada a karɓi wanda aka turo ta WhatsApp. Magabatanmu da suka kwafi littattafai a ƙasar nan tun kafin faɗuwar Alkalawa a 1808 ba su yarda da kwafi sai an yi muƙabala da asali, haka nan idan kamfani ya buga lambar tantancewa ta SHA-256, wajibi ne a gwada ta da ta fayil ɗin da ke hannu, domin saukarwar da ta yanke a tsakiya takan bar fayil naƙasasshe alhali sunansa daidai. Daga nan a kwashe abin da ke cikin filas, a goge shi da tsarin FAT32, a sa masa FreeDOS ta hanyar Rufus idan kamfanin ya buƙaci haka, a kuma ajiye mabuɗin BitLocker idan na'urar na da shi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wuta. Idan aka fara sabuntawa, mintoci kaɗan ɗin nan da layi ke tafiya a allo, ana share tsohon rubutu ne ana sa sabo, kuma idan wuta ta yanke a tsakani, na'ura ta rasa tsoho ba ta sami sabo ba, sai a danna maɓalli allo ya zauna baƙi ƙirin. Saboda haka ne kwamfutar XO, irin wadda aka raba wa yara a makarantar Galadima ta Abuja a 2007, ba ta yarda a sabunta tushenta sai da batir da caja gaba ɗaya. Mu da batiranmu da yawa sun mutu, kada mu dogara ga janareta mai tari; a nemi sola mai cikakken batir, da rana tsaka, kuma a hana yara taɓa wayar caja. Na'urar da ke aiki lafiya kuwa, ra'ayina a ƙyale ta, sai in bugun ya zo ne don toshe wata kafa.

In an gama sabuntawa, na'ura za ta kashe kanta ta tashi, wataƙila fiye da sau ɗaya, kada a firgita a cire filas. A jira, a sake shiga BIOS a tabbatar da lambar bugu ta canza, a gyara kwanan wata. In kuwa ƙaddara ta faɗa, kada a jefar da na'urar, domin ƙwararren mai gyara yana iya kama guntun nan da ɗan matsi, ya sake rubuta shi da na'urar CH341A, muddin an kai masa lambar samfurin daidai.