Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Jawabi Ga Matasanmu Masu Neman Aiki



Da aka ce ni zan yi magana a kan neman aiki sai da na yi dariya, don ni ban taɓa rubuta takardar neman aiki ba. Karatuna na Islamiyya ne, daga nan sai rumfa. Amma yau shekara da shekaru yara suna kawo mini takardunsu cikin ambulan suna cewa, "Baba Alhaji, a taimaka a miƙa wa wani babba." To, abin da na gani cikin ambulan ɗin nan shi zan faɗa muku.

Da farko, ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba, wato maganar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kakannin da yawanmu sun zo Jos ne tun zamanin haƙar kuza, an haife mu a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, amma samun takardar nan yana yi wa yaranmu wuya. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja, kuma naɗin muƙami na cikin abin da ya kunna rikicin Afrilun 1994 da na Satumban 2001. Allah kada ya maimaita mana. Wannan magana shugabanni za su ci gaba da bin ta ta hanyar doka da lumana. Amma kai yaro, za ka zauna a dakali ne har a gama shari'ar?

Gaskiya ɗaya ce, ba kowace takarda da aka ƙi ce aka ƙi saboda asali ba. Wani yaro, ɗan abokina, yana da difloma a fannin akanta. Shekara uku yana cike aikin da aka rubuta ƙarara cewa masu digiri ake nema. In ba a kira shi ba sai ya ce an yi masa wariya. Ranar da ya sauko ya nemi aikin rubuta shiga da fitar kaya a wani shagon sari, cikin mako guda aka ɗauke shi. Daga albashin nan ya koma makaranta.

Don haka ku san matsayin takardarku. A aikin gwamnatin tarayya, mai digiri ko babbar difloma yana farawa ne daga mataki na 8, kuma sai ya nuna shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai NCE mataki na 7, mai ƙaramar difloma na 6. Kowace sanarwa tana faɗin takardar da ake so da iyakar shekaru. Ku karanta ta sau biyu kafin ku kashe kuɗi a shagon intanet.

Sannan ku duba takardunku da kyau. Na ga yaron da sunansa Muhammadu a sakamakon WAEC, Mohammed a katin NIN, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Tun kafin mutum ya gan ka kwamfuta ta yar da kai. A gyara tun ba a buɗe ɗaukar aiki ba.

Ku 'yan Islamiyya irina, yanzu ba kamar zamaninmu ba ne. Akwai jarrabawar hukumar NBAIS da ake shiga jami'a da ita. Ku zana, ku haɗa da Turanci da lissafi, ku ci gaba.

Masu sana'ar hannu kuma, kada ku raina kanku. Hedkwatar hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 don horar da ma'aikata, a nan Jos take. Makanike da kafinta da mai walda su yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago su karɓi takarda. Ƙwarewarka ta Dilimi ko Katako, in da shaida a hannu, ta isa ka nemi aiki a kamfani.

Sai gargaɗi biyu. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayo maka aiki, ɓarawo ne, ko da babbar riga ya zo. Kuma kada ka yarda a buga maka takardar jabu, ta makaranta ko ta asali. Ranar tantancewa aikin zai tafi, mutuncin gidanku ya bi shi, a kuma ce haka duk muke.

Mu 'yan kasuwa ma da namu laifin. Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, mutane nawa suka kasa faɗin adadin dukiyarsu saboda ba rubutu? Ga 'ya'yanmu da takardar akanta suna zaune. Ina roƙon wannan ƙungiya ta buɗe rajista, kowane yaro a rubuta sunansa da abin da ya karanta, duk mai shago ko makaranta ko asibiti da ke neman ma'aikaci ya fara dubawa a nan.

Abin da na yi daidai Allah ya amfanar da mu, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya ba yaranmu abin yi na halal, ya zaunar da Filato lafiya.